Wai Daga Ina Ruwan Famfon Kano Yake Zuwa, Kuma Me Ya Sa Yake Zuwa Ja?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina kwananmu? Tambaya ce da ni, don Allah masu sani ku taimaka. Yau da asuba famfon gidanmu ya kawo ruwa bayan kwana tara babu ko ɗigo. Da farko iska ya yi ta furzowa, yana tari kamar tsohuwar mota, sai ruwa ya ɓalle ja wur. Sai da na zubar da bokiti uku kafin ya fara washewa. Na tara a baho na bar shi, zuwa hantsi laka ta kwanta a gindin bahon, in ka sa yatsa sai ya bar shaida. Ina cikin tacewa ɗaya daga cikin yaran ya ce, "Umma, wai ruwan nan daga ina yake tahowa?" Na ce daga gidan ruwa. Ya ce su kuma a ina suka samo? Wallahi shiru na yi. A garin nan aka haife ni, da ruwan nan na girma, amma ban san asalinsa ba. Kuma shin wannan jan ruwan ana iya ba yara su sha?

Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ku gode wa Allah da yake ma zuwa. Mu a layinmu kan famfon ya yi tsatsa, yara sun tashi ba su taɓa ganin ya ɗiga ba. 'Yan garuwa ne gidan ruwanmu.

Ummu Khairi:
Ni dai na ji ana cewa daga Tiga yake. Amma Tiga ai ta yi nisa, ta yaya zai iso Kano?

Tsohon Ma'aikacin Ruwa:
Wa alaikumus salam warahmatullah. 'Yata, yaronki ya yi tambayar manya, Allah ya yi masa albarka. Aikin ruwa na yi har na yi ritaya, bari in faɗi abin da na sani.

Ruwan famfon birnin Kano ruwan kogi ne. Koguna biyu ne gatanmu, Kogin Kano da Kogin Challawa. Da can in rani ya yi, kogunan nan yashi suke komawa, sai dai a yi tono a samu ɗan abin da ya ɓuya a ƙasa. Madatsai ne suka sauya wannan. Madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, tana kan Kogin Kano. Madatsar Challawa da ke ƙasar Ƙaraye, wadda aka gama a 1992, tana kan Kogin Challawa. Da damina su tare ruwa, da rani a riƙa sako shi kaɗan-kaɗan. To Ummu Khairi, abin da kika ji gaskiya ne, sai dai ba bututu aka ja daga Tiga ba. Kogin ne da kansa yake ɗauko ruwan ya kawo shi kusa da gari. Kogunan biyu suna haɗuwa a wajejen Tamburawa, daga nan su wuce ta Wudil su nufi Haɗeja.

A bakin kogunan nan aka kafa matatun ruwa. Mafi tsufa ita ce ta Challawa, kusa da Panshekara. Tun farkon shekarun 1930 aka fara ta, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin En'e ta Kano, daga baya aka yi ta ƙara wasu a wurin. Sai ta Tamburawa a hanyar Zariya, akwai tsohuwa akwai sabuwa, sabuwar an yi ta ne don ta iya tace lita miliyan 150 a rana. Sai ta Watari a ƙasar Bagwai, mai lita miliyan 75, wadda take shan ruwan madatsar Watari. Hukumar Ruwa ta Jihar Kano ce ke riƙe da matatun da bututun, amma Tiga da madatsar Challawa suna hannun hukumar kula da kogunan Haɗeja da Jama'are, ta gwamnatin tarayya. Wato mai randa daban, mai moɗa daban.

Ummu Khairi:
Allah ya ƙara girma Baba. Ashe Ƙofar Famfo ma ba banza ta samu sunanta ba.

Maman 'Yan Biyu:
Baba na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To in ruwan kogi ne, ke nan ba a tace shi ne ya zo mana ja haka?

Tsohon Ma'aikacin Ruwa:
Ana tacewa 'yata. Da za ki ga yadda yake shigowa daga kogi a watan Agusta, kamar kunun kanwa, da kin san an yi aiki.

Injuna ne suke zuƙo shi daga kogi su kai shi matata. Abu na farko a zuba masa alam, wanda iyayenmu ke kira alif, irin wanda mata ke kaɗawa a randa. Lakar da ke cikin ruwan kogi ta yi laushin da in an bar ta ita kaɗai sai ta kwana biyu ba ta kwanta ba. Alam ne ke sa ta dunƙule. In kika tsaya a bakin kwamin da ake tara ruwan za ki ga wasu 'yan gudaji kamar audugar rimi suna yawo a ruwan, suna haɗuwa, suna nauyi, suna nutsewa. A kan ƙara farar ƙasa don kada ruwan ya yi tsami ya ci bututu. Daga nan ruwan saman ya gangara zuwa wasu ɗakuna da aka shimfiɗa wa tsakuwa da yashi, ya tsiyaye ta cikinsu. Yashin nan shi ma yana toshewa, sai an turo ruwa da iska daga ƙasa an wanke shi. Na ƙarshe shi ne kulorin, mai kashe ƙwayoyin cuta, shi ne ɗan warin da kuke ji. Sai a tara a babban tanki, manyan injuna su tura shi cikin gari, wani ya hau tankunan da ke kan tudu irin na Goron Dutse, daga can ya gangaro gidaje da nauyinsa.

Kusan duk matakin da na ambata yana cin wuta. Ba wuta, ba zuƙowa, ba turawa. Janareton da zai ɗauki irin waɗannan injuna kuwa man da yake sha a awa ɗaya sai ya ba mutum tsoro. Akwai daren da ba na mantawa, tanki cike da ruwa fari tas, mun gama aikinmu, amma wuta ta ɗauke kuma babu mai. Muna zaune muna kallonsa, mun san a wannan lokacin akwai mata da yara suna yawo da jarkoki a gari. Abin yana ci mini rai har yau.

Jan da kika gani, mafi yawansa a hanya ruwan ya kwaso shi. Bututun cikin birni da yawa na ƙarfe ne, wasu sun girme ni. In suka kwana tara babu ruwa, tsatsa ta saki, laka ta kwanta. Ranar da aka turo ruwa da ƙarfi sai ya share komai ya kawo miki.

Mai Gyaran Famfo:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ranka ya daɗe bari in ƙara da abin da idona ke gani kullum, don tsatsa ita ce mai sauƙi.

Ku fita ku duba layinku. Bututun roba nawa ne suka bi ta cikin kwata kafin su shiga gida? Mutum zai ja ruwa, yana ƙyashin kuɗin tono, sai ya ce a bi da shi ta kwata ya fi sauƙi. In ya tsage a ɗaure da robar taya. Muddin akwai ruwa da ƙarfi a ciki, ruwa mai kyau ne ke fita waje, asara ce amma ba cuta. Ranar da aka ɗauke ruwa kuwa, bututun ya zama fanko, sai ya koma zuƙa. Ruwan kwata ne ke shiga. Watan jiya na yanke wani bututu a wani gida, abin da ya fito baƙi ƙirin, warinsa sai da matar gidan ta koma ɗaki. Kuma daga wannan bututun suke cika randa.

Sai masu jona injin zuƙa kai tsaye a jikin bututun layi. Da ruwa ya zo su kunna, su janye na maƙwabta zuwa tankinsu na sama, gidajen ƙarshen layi su tashi da iska. Kuma wannan zuƙar tana ƙara jawo datti ta duk inda ya tsage. Ni an sha kira na in haɗa irin wannan, ina ƙi, ana cewa na fiye tsoro.

Malamar Kimiyya:
Malam mai gyara, Allah ya biya ka, maganarka ita ce zuciyar al'amarin. Ruwan da ake kawowa yau a ɗauke gobe ya fi haɗari a kan wanda yake gudu ba yankewa, ko da daga matata ɗaya suka fito. Kulorin da aka zuba a matata ana so ɗan saura ya raka ruwan har bakin famfo, Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kada ya gaza miligiram 0.2 a kowace lita a wurin da ake ɗiba. Amma in ya haɗu da datti a hanya, a can zai ƙare. Shi ya sa ni in na ji ɗan warin kulorin a ruwa hankalina ya fi kwanciya. Mutane suna ƙorafin warin, alhali shi ne shaidar cewa mai gadin bai mutu a hanya ba.

Maman 'Yan Biyu, amsar tambayarki ta biyu: na farkon nan ja kada a sha, kada a wanke kayan abincin yara da shi. A tara shi don ban ruwan shuka ko wanke banɗaki, ba sai an zubar ba. Wanda ya washe ma, bayan irin wannan dogon yankewa, a tafasa na sha har ya yi tafasa sosai, ya huce a cikin abu mai murfi. Alam yana kwantar da laka, garin 'ya'yan zogale ma yana yi, amma ba sa gamawa da ƙwayoyin amai da gudawa ko taifot. Ruwa ya yi fari ba shi ne ya yi lafiya ba. Sannan randa: moɗa ɗaya mai dogon hannu, kada yara su riƙa tsoma kofi da yatsunsu.

Alhajin Sabuwar Unguwa:
Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. Na haƙa rijiyar burtsatse, na sa sumo, injin jawo ruwa, da sola, na manta da wani famfon gwamnati. Har maƙwabta nake ba wa ta bango. Kowa ya yi haka a huta. Zamanin jiran gidan ruwa ya wuce.

Ɗan Kurna:
Alhaji, Allah ya ƙara arziki, kuma Allah ya ba da ladan ruwan da kake bayarwa. Amma wanda ke haya a ɗaki ɗaya, a ina zai haƙa? Da me?

Malamar Kimiyya:
Alhaji, da girmamawa, ban yarda ba. Ƙasan Kano dutse ne, ba kamar wajen Haɗeja ko Maiduguri ba inda yashi mai riƙe ruwa yake da kauri. Ruwan da burtsatsenmu ke samu yana cikin ruɓaɓɓen dutse ne da tsagogi, kuma ruwan sama ne kawai ke mayar da shi. In kowane gida ya huda, kwano ɗaya ake sha. Ka tambayi masu tsofaffin rijiyoyi a unguwarku, nawa ne suka ƙafe tun da aka fara jera burtsatse? Ga kuma masai. Ana so tsakanin rijiya da masai ko ramin ƙazanta ya kai kamar mita 30. A fili mai ƙafa 50 da 50, wa yake da wannan tazarar? Naka masan ko na maƙwabcinka, ɗaya zai yi kusa. Ruwan matata aƙalla akwai ɗakin gwaji da ke duba shi. Na burtsatse wa ya taɓa kai shi gwaji?

Alhajin Sabuwar Unguwa:
Malama, maganar gwaji na karɓa, ban taɓa kaiwa ba, zan kai insha Allah. Amma ki faɗa mini, shekara nawa zan zauna jira? Sai da na yi shekara huɗu ana kawo mini takardar kuɗin ruwa, famfo kuwa iska. Na biya na biya na gaji. Ba ƙin gwamnati ya sa na haƙa ba, dole ce.

Tsohon Ma'aikacin Ruwa:
Alhaji, ba na ganin laifinka, kuma ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. Kai wa mutum takarda bai ga ruwa ba zalunci ne. Amma dubi yadda igiyar ta ɗaure. Yawancin gidaje babu mita, kuɗi ɗaya ake yanka wa wanda ya samu ruwa da wanda bai samu ba. Wanda bai samu ba ya ƙi biya, da gaskiyarsa. Wanda ya samu ya ga maƙwabci bai biya ba, shi ma ya noƙe. Ga masu jonawa ta bayan fage, ga wanda ke tsiyayewa a titi. Kuɗin alam da kulorin da wuta sai a jira gwamnati. In ta jinkirta, ruwa ya ragu, masu biya su ƙara raguwa. Sannan masu hali irinka, waɗanda in sun yi magana ake ji, duk sun haƙa nasu sun yi shiru. Aka bar talaka da famfon da babu mai tsaya masa.

Kuma gari ya fi ƙarfin bututun. An shimfiɗa su lokacin da Kano ba ta kai rabin haka ba. Unguwanni da yawa na bayan gari ko bututu ɗaya bai je ba. Ko matatun duka sun yi aiki dare da rana, sai an ja sababbin layuka.

Mai Kura:
Salamu alaikum manya. Ni garuwa nake yi, yarona ne ke rubuta mini. Ina jin ana cewa muna tsawwala kuɗi. Jarka goma sha biyu nake ɗorawa a kura, kowace lita 25, ku lissafa nauyin da nake turawa a rana tsaka. A gidan burtsatse nake saya, in babu wuta mai shi ya tada janareto ya ƙara kuɗi, ga layi tun kafin asuba. Kurar ma haya ce. Da famfo zai kawo a unguwa, ni ma da na samu da sauƙi na sayar da sauƙi.

Maman 'Yan Biyu:
Sannu da ƙoƙari Malam, Allah ya sa albarka a nema. Wallahi ba don ku ba da ba mu san yadda za mu yi ba. Roƙona ɗaya, ku riƙa wanke cikin jarkokin, wani lokaci har kore-kore ake gani.

Malamar Kimiyya:
Ku yi wannan lissafin a gida. Lita 1,000, wato abin da mita ke ƙirgawa ɗaya, jarka 40 ce. Kowa ya ninka kuɗin jarka a unguwarsa sau 40, ya kwatanta da kuɗin ruwan famfo. Za ku ga mai sayen jarka, wanda shi ne marar hali, shi ke biyan ruwa mafi tsada a garin nan.

Ɗan Damagaram:
Ina gaida mutanen Kano. Mu nan Damagaram in muka ji kuna da koguna biyu da madatsai sai mu ce Allah ya ba ku. Mu ba mu da gulbi. Garinmu bisa dutse yake, ruwanmu daga rijiyoyi masu nisa ake turo shi, Gogo da Machaya, Arunguza, da Ganaram, ya hau shato, wato babban tankin sama, sannan ya sauko. Lokacin zafi mata na kwana bakin famfo da bido, wato jarka. Yamai su gulbin Isa, wato Kwara, suke sha, daga matatun Gudel da Yantala. Abin da ya bambanta mu da ku shi ne mita. Wanda duk aka ja ma ruwa gida yana da ita, faktir, wato takardar kuɗin ruwa, na zuwa wata-wata bisa abin da ka sha, in ba ka biya ba a yanke. Tun 2001 aka raba aikin gida biyu, kamfanin gwamnati mai gina kayan aiki, da wani mai sayar da ruwa da karɓar kuɗi. Mita ba ta kawo ruwan da babu, mu shaida ne. Amma tana sa mutum ya gyara famfon da ke ɗiga a gidansa tun ranar.

Alhajin Sabuwar Unguwa:
In za a sa mita, ruwa ya riƙa zuwa, ni ne na farko da zan koma. Sumo ma lalacewa take, kuma ba arha ba.

Bahaɗeje:
Ku yi haƙuri in shigo da namu. Ruwan da ake tarewa a Tiga da Challawa shi ne dai wanda Haɗeja da Nguru da Gashuwa ke jira. Ga noman rani na Kadawa da Kura yana sha kafin ya iso mu. Tun da kogi ya daina bushewa da rani, ciyawar kacalla ta cika hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi. In kuma aka yi sako mai yawa da damina mu ne a ƙasa. Don haka in ana maganar ƙara wa Kano ruwa, a tuna akwai mutane a gangare. Abin da ke tsiyayewa a titunanku daga rabonmu ne.

Tsohon Ma'aikacin Ruwa:
Haka ne ɗana, kogi ɗaya muke sha. Akwai kuma abu biyu da ke damuna a bakin kogin. Masu ɗibar yashi suna zurfafa shi, ruwa ya janye daga inda bakin injin yake, da rani sai an yi ta tare shi da buhunan ƙasa ana karkato shi. Sai ruwan masana'antu, musamman na jima, da ke gangarowa daga wajen Challawa da Sharaɗa. Alam da yashi an yi su ne don laka, kulorin don ƙwayoyin cuta. Gubar masana'anta a bakin masana'antar ya kamata a tare ta.

Ɗan Kurna:
Baba, to mu da ba mu da kowa, ta ina za mu fara? Ko mu haƙura?

Tsohon Ma'aikacin Ruwa:
Kada ku haƙura, kuma kada mutum ɗaya ya je shi kaɗai. Ku haɗu da mai unguwa da kwamitin masallaci, ku rubuta takarda da sunan layin gaba ɗaya, adadin gidaje, shekarar da ruwa ya daina zuwa, ku kai ofishin ruwa na shiyyarku, a buga muku hatimi a kwafinku. Ku nemi a zo a duba bawul ɗin, wato mabuɗin ruwan da ke ba layinku. Na sha ganin layi ya shekara babu ruwa, ashe bawul ne aka binne lokacin aikin titi, ko bututu ya toshe a mahaɗa. Ba kullum ba ne babbar matsala. In kun ga ruwa na ɓulɓula a titi ku kai rahoto ranar, ku ɗauki hoto.

Mai Gyaran Famfo:
Ni kuma Hajiya, ki sa a duba inda bututunku ya shigo gida. In ta kwata ya bi, a ɗaga shi sama da bakin kwatar ko a sauya masa hanya, a yanke duk wurin da aka ɗaure da roba a sa sabon soket da gam. Aikin rabin yini ne.

Maman 'Yan Biyu:
Na fita na duba yanzun nan. Ta cikin kwatar ya bi, kuma akwai ɗaurin baƙar roba har wuri biyu, ɗaya yana tsartuwa. Na kira Baban yara na gaya masa, ya ce gobe da safe zai zo da mai gyara, zai kuma yi wa maƙwabtanmu biyu magana don nasu ma tare suka bi. Na ɗora babbar tukunya ina tafasa na sha. Yaron kuma na karanta masa bayanin Baba tun daga Tiga har Goron Dutse, yanzu ya dame ni sai an kai shi Tamburawa ya ga inda laka take dunƙulewa. Baba, ana barin 'yan makaranta su shiga?

Tsohon Ma'aikacin Ruwa:
A lokacinmu makarantu suna zuwa. Ki yi wa shugaban makarantarsu magana ya rubuta takardar neman izini zuwa hukumar, ajin gaba ɗaya su je. Su zaɓi lokacin damina, su roƙi a cika musu kwalba ɗaya a inda ruwa ke shigowa, ɗaya a inda yake fita, su kawo aji su ajiye a kan tebur.